Gawa a Ɗakin Khal

Ranar wata Juma'a, bayan La'asar, cikin watan Zulƙida na shekarar 1982, aka bugo waya ofishin 'yan sanda aka ce an tsinci gawa a wata gona da ke Bi'ir Ali, a gefen Madina.

Sufeto Abdussamad ne ya ɗauki wayar. Dama a tsaye yake. Tun da likita ya raba shi da taba ya daina iya zaman kujera, sai dai zagaye ofis yana taunar 'ya'yan hel, ƙamshin nan da ake sa wa gahawa, yana kaɗa makullan mota. Haifaffen Madina ne, jikan mahajjatan Katsina da suka zo da ƙafa suka zauna. Shi ya sa duk maganar da ta shafi Hausawa, shi ake turawa.

"Yalla, mu tafi," ya ce da Kofur Ɗan'inna. "Ɗauko mota."

Hanya ta cushe da motocin alhazai masu zuwa miƙati ɗaukar harami. Abdussamad ya yi ta buga yatsa a jikin ƙofa har suka kauce daga kwalta, suka bi ta cikin dabinai, suka tsaya gaban wani ɗan gini na bulo. Tun kafin su fito warin tsami ya tarye su. Nan ake yin khal, ruwan tsamin nan na inabi da dabino da masu abinci ke saye.

Wani mutum ɗan kimanin shekara talatin yana jiransu a bakin ƙofa, idonsa ja.

"Ni na buga waya, ya sidi. Sunana Ja'afaru. Mijin yayata ne, Idrisa. Shi ne mai wurin."

"A nan kake aiki?"

"A'a, a filin jirgi nake, wajen kaya. Ina dai taya shi kai khal kasuwa da motata."

"Yaya ka same shi?"

"Yaya ce ta ce tun safe bai dawo ba. Na zo bayan La'asar, na tarar da ƙofar ɗakin ƙasa a buɗe, na leƙa na gan shi kwance."

"A buɗe?"

"A buɗe wangam."

"Wa ke aiki da shi kuma?"

"Ƙasimu, wani ɗan Chadi. Shi ke lura da gangunan." Ja'afaru ya yi ƙasa da murya. "Na nemi Ƙasimu ban gan shi ba. Kuma, ya sidi, a ƙasarsu ya taɓa yi wa Faransawa aiki. Ya san kan giya."

Abdussamad ya kunna tocila ya sauka. Matakalar matsattsiya ce, gawar kuma tana kwance rub da ciki a gindinta, ta tare hanya. Sai da ya tsallake ta kafin ya samu wurin tsayawa, abin ya sosa masa rai, ya yi istigfari. Kusa da ita akwai fasasshen tulu. Iskar ɗakin nauyi gare ta, nan da nan kansa ya fara sarawa.

Ya durƙusa ya ɗaga hannun mamacin. Faratan sun kakkarye, da burbushin katako a ƙarƙashinsu. Ya hau sama ya haska bayan ƙofar. Duk ta sha yakushi. Sakatar kuwa ta waje take, ta ƙarfe, mai tauri, wadda sai an sa ƙarfi take shiga.

Ya bar abin da ya gani a ransa. Ya sa aka ɗauki gawar, ya garƙame ɗakin.

Washegari da safe likitan asibiti ya ce masa babu sara, babu suka, babu ko ɗigon giya a cikin mamacin.

"Iska ce ta kashe shi. Ruwan inabi in yana tsimuwa yana fitar da wata iska mai nauyi. In ta taru a ɗakin da ba mafita, mutum ba ya daɗewa."

Ya miƙo masa kayan mamacin a leda. Abdussamad ya warware farar jallabiyar a kan tebur. Gabanta ƙura ce kawai. Amma a bayanta, daga kafaɗa zuwa kugu, akwai jajayen ɗigo a jere, layi bisa layi, kamar an yi ta wucewa da wani abu mai yoyo ta samansa. Ya sunsuna. Ba khal ba ne.

Da ya koma ofis shugabansa ya kira shi.

"Na ji labari. Mutum yana giya a ɓoye, iskar giyarsa ta kashe shi. Khalas, magana ta ƙare. Alhazai suna ta shigowa, ina bukatarka a kan hanya."

"Wani ne ya rufe shi a ciki."

"To, ɗan Chadin ne. A kamo shi."

Abdussamad ya fito yana jin kamar ƙaiƙayi a cikin rigarsa. Idan ya rubuta abin da ake so, an gama: za a ce Idrisa mai giya ne a birnin Manzo, a ƙwace wurin, 'ya'yansa su girma da wannan suna. Bai san mutumin ba, amma hannun nan mai karyayyun farata ya hana shi sukuni.

An binne Idrisa bayan Azahar. Da yamma Abdussamad ya je gidan makoki. Matar mamacin, Safiyatu, ta shiga takaba, don haka ta bayan labule suka yi magana.

"Hajiya, Allah ya jiƙansa. Ki yi haƙuri da tambayoyina."

"Amin. Tambayi abin da kake so. Amma tun yanzu in gaya maka, na ji abin da mutane suka fara faɗa. Maigidana Abu Hawa bai taɓa yin giya ba."

"Yaya aka yi ya fara sana'ar?"

"Dako yake yi a kasuwar kayan lambu. Kullum yamma yana ganin inabin da bai saidu ba ana zubarwa, abin yana ba shi haushi. Sai ya fara saye da araha. Da randa biyu muka fara, a tsakar gidan nan, ni nake wanke inabin. Kafin ya zuba ko ƙwaya ɗaya sai da ya je wajen malami. Tun daga nan duk gangar da zai cika, tsohon khal yake fara zubawa a ciki, don kada ta kwana tana giya. Masu dafa waken ful da masu kayan tsami suka san shi. Riba kaɗan ce, amma ba ta yankewa. Da ita ya kama gonar."

"Yana sauka ɗakin ƙasa kullum?"

"Tun da gwiwarsa ta fara ciwo ya rage. Ya fi zama sama wajen cika kwalabe."

"Jiya fa?"



"Jiya ko shayi bai sha ba. Ya ɗauki tulun tsohon khal ɗin da muke ajiyewa a nan, ya fita ransa a ɓace. Na tambaye shi, ya ce sai ya dawo."

"Wa ke da makullin wurin?"

"Shi, da Ƙasimu, da ƙanena."

"Ina Ja'afaru yake jiya da hantsi?"

Labulen ya ɗan motsa.

"Yana nan wajena. Daga nan ya tafi masallaci, ya dawo ya ci abinci. Sai bayan La'asar na aike shi."

Amsar ta fito sumul, ba gargada, kamar karatun da aka haddace. Abdussamad ya yi godiya ya tashi.

Kashegari tun da sassafe ya koma gonar. Ya bar ƙofar ɗakin ƙasa a buɗe ta sha iska, sannan ya sauka. Gangunan gaba duk ƙyalle ne aka ɗaure a bakinsu. Na can ƙurya kuwa an toshe su da yumɓu, da ɗan siririn tiyo da ya fito daga kowace ya shiga kwalbar ruwa, yana ta ɓulɓul. Biyu daga cikinsu an buɗe, babu komai a ciki sai danshi ja. Jajayen ɗigo sun taso daga gindinsu, sun bi ta inda gawar ta kwanta, sun hau matakala.

A ƙasan bango ya ga wata 'yar taga. Ya zagaya ta waje, inda ginin ya kalli kwari. Tagar a buɗe take, amma a cikin ƙayar da ke ƙasanta akwai wani ƙaramin bargo shuɗi, a nannaɗe tamau, daidai faɗin tagar. Irin bargon da ake raba wa fasinja a jirgi ne.

Yana cikin juya shi Kofur Ɗan'inna ya ƙaraso da labari. An ga Ƙasimu a Badr, a gonar wani mai dabino.

Tafiyar ta yi wa Abdussamad tsawo. Ya karɓi tuƙin daga hannun Kofur don kawai hannunsa ya samu abin yi. Suka tarar da Ƙasimu a kan tsani yana yankan dabino, dogo ne siriri mai furfura a gemu. Da ya ga kaki, sai da wuƙar ta faɗi daga hannunsa.

"Yaushe ka zo nan?"

"Tun Laraba, ya sidi. Maigida ne ya aiko ni duba dabino."

"Mai gonar nan ya ce Juma'a da yamma ka iso, ba jaka, ba guzuri."

Ƙasimu ya zauna a ƙasa.

"Ina iƙamarka?"

Ƙasimu ya sunkuyar da kai. Takardar zamansa ta daɗe da mutuwa, fuskarsa ta faɗa.

"Ba maganar takarda ta kawo ni ba," in ji Abdussamad. "Amma in ka sake yi mini ƙarya, kisan kai zan rubuta a kanka. Wa ya toshe gangunan ƙurya?"

"Ja'afaru."

"Wa ya koya masa?"

"Ni. Wallahi a hira ne. Ya tambaye ni yadda Faransawa ke yi a Injamena, na ce masa ai ba wani abu ba ne. Khal iska yake so, shi ya sa ake ɗaura ƙyalle kawai. In ka hana shi iska, ba ka zuba tsohon khal ba, giya zai tsaya. Sai ya roƙi maigida ya bar masa gangunan ƙurya, wai yana so ya koyi sana'a. Maigida ya yi ta murna."

"Ka gani ka yi shiru."

"Ya ce in na buɗe baki, jawazat zai kai ni, wajen masu kama baƙi marasa takarda. Ina da 'ya'ya a gida, ya sidi. Amma abin ya hana ni barci. Ranar Alhamis na gaya wa maigida komai. Ya ce gobe zai zo da tsohon khal ya zuba a kowace ganga, ya lalata ta, sannan ya zauna da yaron."

"Ranar Juma'ar kana ina?"

"Na tafi Harami tun da safe. Ina dawowa na hango motarku a gonar, mutane suna cewa maigida ya mutu. Na san a kan baƙo za a ɗora. Na tari mota."

Abdussamad ya nuna masa bargon. Ƙasimu ya dafe kai.

"Innalillahi. Tagar nan ita ce numfashin ɗakin. Ja'afaru ya sha cewa wari yana fita ta nan, kada wani ya ji. Na ce masa duk ranar da aka toshe ta, kabari ne."

"Ina yake kai giyar?"

"Ban sani ba. Amma kullum bayan motarsa da jarkoki, irin waɗanda alhazai ke ɗebo zamzam a ciki."

Suka taho da Ƙasimu Madina. A hanya Abdussamad ya yi ta lissafin abin da ke hannunsa, ya ga bai kai ba. Maganar baƙo marar takarda ce, a gaban maganar ɗan ƙasa wanda matar mamacin da kanta ta tsaya masa. Bargo kuwa, duk wanda ke da ɗan'uwa a filin jirgi yana da irinsa a gida.

Da gari ya waye ya nufi masallacin miƙati. Wurin ya cika maƙil, motoci suna huci, maza cikin fararen harami suna neman abokan tafiya, talbiya tana tashi ta ko'ina. A gindin katanga tsofaffin mata sun baza kaya: silifa, lema, bel, da jarkokin roba da masu tafiya Makka ke saye don zamzam. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya zo kan Iyatu, wata tsohuwa da ta san mahaifiyarsa.

"A'a, ɗan Raliya! Yau kuma da kaki aka zo gaishe ni? Ina tsohuwarka, ƙafar ta yi sauƙi?"

"Da sauƙi, Inna. Kin san Ja'afaru, surukin Idrisa mai khal?"

"Mai farar wanet, a-kori-kurar nan? Ai babban mai cinikina ne. Jarka yake saye, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Na taɓa ce masa, kai wannan zamzam da kake ɗebowa ko rijiyar za ka ƙarar? Ya yi dariya."

"Yaushe rabonki da shi?"

"Ranar Juma'a. Ina tattara kaya zan tafi alwala, ana dab da kiran farko. Ya zo ya kwashe duk abin da ya rage, bai ko yi ciniki ba. Sauri yake ta yi, har ya zubar mini da silifa."

"Ina ya nufa?"

Ta nuna da leɓe.

"Can, wajen gonaki. Na ce a raina, kowa ya nufi masallaci, wannan ya ba shi baya." Ta kalle shi da kyau. "Lafiya dai?"

"Lafiya, Inna. Zan gaishe ta."

Daga nan gidan makoki ya wuce, da ledar asibiti a hammata. Ya daɗe a ƙofa fiye da yadda ya kamata. Ya san abin da zai yi wa matar nan ba ƙarami ba ne.

"Hajiya, ni ne kuma."

"Na gaya maka abin da na sani."

"Kin gaya mini. Yau ni zan gaya miki. Giya aka samu a ɗakin ƙasa. Idan ban gano mai ita ba, sunan maigidanki za a rubuta."

"Ƙasimu ne."

"Ƙasimu yana Harami lokacin. Ga rigar da maigidanki ya rasu da ita."

Ya tura ta ta ƙarƙashin labulen. Ya ji ƙarar leda.

"Ki duba bayanta. An rufe masa ƙofa ta waje, ya yi ta yakushinta har faratansa suka karye, ya faɗo gindin matakala. Bayan ya cika, wanda ya rufe shi ya dawo, ya buɗe taga iska ta fita, ya ɗura giyar a jarka. Matakalar ba ta da faɗi, na shiga na gani. Babu hanyar fita sai an tsallake gawar. Wannan ɗigon da kike gani, kowane layi tsallake ɗaya ne."

Kukan da ya fito daga bayan labulen ba mai ƙara ba ne, irin wanda ake toshewa da mayafi ne. Abdussamad ya kafa ido a kan tabarma. Karo na farko cikin kwanakin nan, hannunsa bai nemi makullan mota ba.

"Ni na goya Ja'afaru," in ji ta daga baya. "Yana jariri uwarmu ta rasu. Abu Hawa ne ya yi masa hanyar aikin filin jirgi. Shi ya saya masa motar."

"Yana wajenki ranar Juma'a da hantsi?"

"Bai zo ba sai gab da La'asar. Ya shiga wanka, ya canza kaya, na sa masa abinci bai ci ba. Na ce ya je ya dubo mini Abu Hawa. Bayan an kawo labari ya ja ni gefe, ya ce Yaya, ina da makulli, za su ce ni ne, ki ce ina wajenki. Na ɗauka tsoro ne kawai." Ta ja numfashi. "A'a. Ban ɗauka ba. Na sani, na ƙi sani."

"Yana ina yanzu?"

"Ya koma aiki. Ya ce alhazai sun yi yawa, ba a ba shi hutu ba."

Filin jirgi yana ta hayaniya lokacin da suka isa. Shugaban masu kaya ya raka su wani rumbu a bayan zaure, inda ake tara kayan da masu su ba su ɗauka ba. Ja'afaru yana ciki da kakin aiki, yana tura amalanke. Da ya gan su ya tsaya, ya ƙaƙalo murmushi.

"Ya sidi, an kama Ƙasimu?"

"An kama shi. Jarkokin can na wa ne?"

A ƙurya, bayan akwatuna, an jera jarkoki an naɗe kowace da buhu, an rubuta zamzam a jiki.

"Na alhazai ne. Mantawa suke yi."

"Buɗe ɗaya."

"Amanar mutane ce, ya sidi, ba mu taɓawa."

Kofur Ɗan'inna ya sa wuƙa ya yanke igiyar, ya murɗe murfin, ya karkata ta. Jan ruwa ya malala a siminti. Shugaban masu kaya ya ja da baya yana salati.

"Ƙasimu ne ya ba ni ajiya," in ji Ja'afaru da sauri. "Ban san abin da ke ciki ba."

"Iyatu ta sayar maka da su ana dab da kiran Juma'a, ta ga inda ka nufa. Ka ce ka tarar da ƙofa a buɗe, alhali mutumin ya karya faratansa a bayanta. Bargon da aka toshe taga da shi na jirgi ne. Kuma ba ka gidan yayarka da hantsi."

"Ku tambaye ta! Za ta gaya muku."

"Ita ta gaya mini."

Ja'afaru ya kalle shi kamar bai ji Hausar ba. Sannan ya zauna a bakin amalanken.

"Yaya ce ta faɗa?"

"Ta ga rigarsa."

Ya rufe fuska da hannu biyu. Da ya fara magana, muryarsa ta koma ta ƙaramin yaro.

"Shekara da shekaru yana fama da khal, ribar ba ta wuce cefane. Ni kuma ga baƙin ma'aikata a nan, abin da za su biya a kan jarka ɗaya ya fi abin da yake samu a ganga. Na ce in na tara, zan daina, in buɗe masa babban wuri. Ranar Juma'a na je na tarar da shi zai sauka da tulu. Na roƙe shi ya bar ni in kwashe wannan kawai, na riga na yi wa mutane alkawari. Ya ce ko cokali ba zai fita daga gonarsa ba. Ya ce in ya gama zai kai ni gaban Yaya in faɗa da bakina. Yana sauka na tura ƙofar na sa sakata. Wallahi so nake ya huce, in samu lokacin tunani."

"Ka manta ka toshe taga?"

Ja'afaru ya kawar da kai.

"Ja'afaru. Ka manta?"

"Na tuna," ya ce a hankali. "Lokacin da ya fara bugawa na tuna. Yana kiran sunana. Hannuna yana kan sakatar. Sai na ga bulala, na ga kurkuku, na ga fuskar Yaya. Na cire hannuna na tafi mota, na kunna rediyo."

"Sannan ka je sayen jarka."

"In an same ta a ɗakin, za a bincika. Na ce in kwashe wadda ta nuna, sauran a ɗora wa Ƙasimu."

Abdussamad ya juya ya ce da Kofur ya sa masa ankwa. Ja'afaru ya miƙa hannuwan da kansa.

"Ya sidi, me za ka rubuta a kan Yaya Idrisa?"

"Cewa ya mutu yana ƙoƙarin lalata giya. Wurinsa na khal ne, zai koma hannun iyalinsa."

"Ƙasimu ya san aikin. In an bar shi, ba za su rasa abinci ba."

"Wannan ba da bakinka za a roƙa ba. Tashi."

Babu wata hanya zuwa mota sai ta cikin zauren sauka. Wani jirgi ya sauke alhazai, sun cika wurin, ana ta kiraye-kiraye da Hausar Kano da ta Sakkwato. Suna ratsawa, wata tsohuwa da ta rabu da ayarinta ta ga kakin ma'aikata a jikin Ja'afaru, ta kama gefen rigarsa. Idonta bai kai kan ankwar ba.

"Ɗana, kana jin Hausa? Don Allah ta ina ake fita a je wajen Manzo?"

Ja'afaru ya tsaya. Ya ɗaga hannuwansa biyu a haɗe, ya nuna mata babbar ƙofa ta dama.

"Nan, Hajiya. Miƙe kawai."

"Allah ya yi maka albarka, ya raya ka," in ji ta, ta wuce da 'yar jakarta.

Kofur Ɗan'inna ya kama shi a damtse, suka bi ta ƙaramar ƙofa ta hagu, inda motar 'yan sanda ke jira.